Kafin Ta Sa Hannu A Takardar Ajiye Aiki

Jawabin da wata 'yar'uwa ungozoma ta gabatar a gaban dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata

An ce in yi magana a kan lafiyar masu jego, amma kan maganar yana da faɗi, sai na ɗauki abu guda wanda ya daɗe yana damuna: macen da ta sha wuya wajen haihuwa, hutun haihuwarta ya ƙare, jikinta da zuciyarta kuwa ba su komo ba. Ta nemi hutun rashin lafiya ne, ko ta ajiye aikin?

Wata rana da dare wata 'yar'uwa ta shigo gidana, maigidanta yana biye da ita riƙe da jariri. Malamar makarantar gwamnati ce. Ta miƙo mini takarda a ninke, na buɗe, sai ga takardar ajiye aiki, an rubuta kome, saura sa hannu. Ranar Litinin mai zuwa ya kamata ta koma aji. Kwana biyu ta yi tana naƙuda kafin a yi mata aiki, ta zub da jini har aka yi mata ƙari. Yaro ya rayu, ita ma ta rayu, aka yi godiya a majami'a, kowa ya koma gida da murna. Abin da ba mu sani ba shi ne tun daga ranar ba ta yi barcin kirki ba. Da ta rufe ido sai ta ga fitilar ɗakin tiyata. In ta ji warin maganin wanke asibiti, jikinta ya ɗauki rawa. Ba ta iya tsayuwar rabin awa, balle ta tsaya gaban allo tun safe.

Shawara kuwa ta sha ta. Wani dattijo ya ce ta zauna a gida, renon yaro ya fi albashi. Uwar mijinta ta ce su ma sun haihu, kwana bakwai suka koma gona. Mijin bai ce kome ba, domin ya san daga albashinta ake cika kuɗin haya.

Na ce mata, "Ƙanwata, ninke takardar nan ki sa a ƙasan akwati. Gobe likita za mu gani." Abin da na zo in roƙe ku ke nan, dattawa: in aka kawo muku irin wannan magana, kada ku bari mace ta yanke shawarar barin aiki alhali tana cikin ciwo. Hutun rashin lafiya tukuna. Takardar ajiye aiki ba ta ruɓewa, ko bayan wata uku tana iya miƙa ta. Amma in ta miƙa aka karɓa, zarar bunu ce. Mu da muke zaune a inda ba mu da yawa, mun san wuyar da ɗanmu ko 'yarmu suke sha kafin su sami gurbin aiki. Wanda ya saki gurbinsa, sau da yawa ba ya sake ganin irinsa.

Da yawa cikin 'yan'uwanmu mata suna ajiye aiki ne don ba su san abin da doka ta ba su ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a wurin aikin, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Wannan mutane da dama sun sani. Abin da ba a cika sani ba yana cikin sashen nan ɗaya: idan mace ta wuce hutunta saboda ciwon da ciki ko haihuwa ya jawo, likita mai rajista kuma ya rubuta shaida cewa ba za ta iya aiki ba, mai aiki ba shi da ikon ba ta takardar sallama a lokacin da take kwance, muddin ba ta zarce wa'adin da hukuma ta ƙayyade ba. Sashe na 16 kuma ya ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara na rashin lafiya, tare da albashi. Sai dai dokar nan ba ta rufe kowa ba. Masu aikin gudanarwa da ƙwararrun ma'aikata, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idodin ma'aikatarsu shi ne abin dubawa. Ƙa'idodin aikin gwamnatin tarayya na shekara ta 2008 sun ba da mako 16 na haihuwa, da kwana 42 na rashin lafiya cikin wata 12 ga wanda ba a kwantar a asibiti ba, in ya wuce haka a kai shi gaban kwamitin likitoci. Jihar Kaduna ta mai da hutun haihuwa wata 6 ga ma'aikatanta mata a 2019. Kowace jiha da nata, saboda haka a je ofis a nemi ƙa'idar a rubuce, kada a dogara da "an ce".

Ku lura, duk waɗannan a kan takardar likita suka rataya. Ciwon da ba a rubuta ba, a wurin ofis ba ciwo ba ne, fashin aiki ne. Mace ta zauna a gida mako uku shiru, tana jin kunyar faɗin abin da ke damunta, sai takardar tuhuma ta iske ta. Ta kai takardar likita kafin ranar komawa, ta ajiye kwafi, wanda ya karɓa kuma ya sa hannu.

A lissafa kuma abin da ake bari a baya. Inshorar lafiya ta wurin aiki tana tafiya tare da aikin, wato daidai lokacin da take bukatar magani. Kuɗin fansho kuwa, a ƙarƙashin dokar 2014, wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba sai ya yi wata 4 babu wani aikin kafin a ba shi abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ba.

Yanzu ga ciwon kansa, domin a nan ne muke yawan yin kuskure. Akwai wanda ido yake gani: ɗinkin da bai warke ba, ƙarancin jini, yoyon fitsari. Wannan na ƙarshe ana gyara shi, a Jankwano cikin Jos da Babbar Ruga a Katsina da wasu wurare, amma mata suna barin aiki a ɓoye saboda kunyar wari, ba su gaya wa kowa dalili ba. Iyaye mata, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta kwanta, a kai ta asibiti a duba zuciyarta, a kuma dakatar da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar kanwa mai yawa da ciwon zuciyar masu jego.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. Kuka da ɓacin rai na 'yan kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ba barci, ba cin abinci, tana ganin abin da ya faru yana ta dawo mata kamar yanzu ake yi, tana gudun ɗaukar jaririn ko tana tsoron kada ya mutu a hannunta, to ciwo ne, yana kuma da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da irin wannan damuwa bayan haihuwa. Ku ƙirga matan da suka kawo jarirai gaban bagade a ikkilisiyarku bara. Idan kuwa ta fara maganar kashe kanta ko cutar da yaron, ko tana jin muryoyin da ba wanda yake ji, a ranar za a kai ta asibiti, kada a bar ta ita kaɗai. A yi addu'a a cikin mota.

Na faɗi haka ne domin na sha jin ana ce wa irin waɗannan mata bangaskiyarsu ce ta yi sanyi, ko an yi musu asiri. Ku tuna da annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya kwanta a ƙarƙashin itace, ya roƙa a ɗauki ransa. Da harshenmu na yau, ya miƙa takardar ajiye aiki. Ubangiji bai tsauta masa ba, bai kuma karɓi takardar ba. Aka bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka yi masa maganar aiki, aka kuma ba shi Elisha. Barci da abinci suka riga shawara.

Kada wani ya fita ya ce na hana mace barin aiki. Akwai wadda bayan ta warke, hankalinta ya kwanta, ta zauna da mijinta suka yi lissafi, suka ga barin ya fi. Akwai wadda wurin aikin nata ne ciwon, misali ma'aikaciyar jinya da za ta koma ɗakin da ta kusa mutuwa a ciki. Ko ita ma ta fara neman canjin sashe ko sassaucin aiki. In bai yiwu ba ta tafi da mutuncinta, ta ba da sanarwa yadda ƙa'ida ta ce, ta karɓi takardar shaidar aiki. Ba zunubi ta yi ba, wadda ta koma aiki ta bar yaro wurin reno ma ba zunubi ta yi ba.

Dattawa, ku gafarce ni, sauran maganar tamu ce. Mu ma masu ɗaukar ma'aikata ne. Muna da makarantu da ɗakunan shan magani. Malama nawa ce a makarantun ikkilisiya take da hutun rashin lafiya a rubuce? Na san inda ake yanke albashin mai jego daga ranar da hutunta ya ƙare, ran Lahadi kuma a yi wa'azin ƙauna. Ina roƙon kowane kwamitin makaranta ya zauna ya rubuta wannan ƙa'ida kafin zango mai zuwa. Zumuntar Mata kuma, mun iya kai sabulu da zane ranar suna, amma a mako na goma, sa'ad da baƙi sun watse, uwarta tana can gari mai nisa, wa yake leƙa ta? A raba kwanaki: wata ta ɗauki wanki, wata ta riƙe yaro ta sami barcin rana, wata ta raka ta asibiti. Maza, ku ne za ku kai takardar likita ofis in ba ta iya fita.

Ita 'yar'uwar da na ba ku labarinta, likita ya rubuta mata mako huɗu, ya ƙara biyu, aka ba ta maganin ƙarin jini, aka haɗa ta da mai ba da shawara. Mata uku na Zumunta suka raba kwanakin mako a tsakaninsu. Ta koma aiki, shugaban makaranta ya ba ta ƙaramin aji na zango ɗaya. Har yanzu akwai daren da ba ta barci, ba ta kuma gama yanke shawara ko za ta ci gaba ba. Da na tambaye ta takardar, ta ce tana nan a ƙasan akwati.

Ubangiji ya taimake mu.