Haɗa Irin Shanu: Jawabin Jami'in Kula da Dabbobi a Taron Makiyayan Sansani

 

Tun da shanunku suka gauraya da na mutanen gari a wurin kiwo da mashaya, tambaya ɗaya ake yawan yi mana: idan bajimin wani iri ya hau saniyata, ɗan zai fi girma? Sau da yawa zai fi, amma da sharaɗi.

Idan aka haɗa iri biyu da ba su da dangantaka ta kusa, misali Bokolo da Bunaji, 'ya'yan farko sukan fito da ƙwari, su yi saurin girma fiye da matsakaicin iyayensu. Bokolo na ba da cikar jiki da nama, Bunaji na ba da juriyar tafiya da zafi. Wannan riba ta haihuwar farko ce. In kuka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, kusan rabin ƙwarin nan ya tafi, kuma maruƙan ba sa fitowa bai ɗaya: wani babba, wani tsigi.

Sharaɗin kuwa shi ne abinci. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kamar kilo 6 a rana. Mai kilo 400 tana neman kusan kilo 10, ga ƙarin ruwan sha. Ku dubi filin da aka ba mu, ku tuna da watannin bazara. Babban sa da bai ƙoshi ba yakan riga ƙaramin ramewa, kuma mahauci nama yake saye, ba ƙashi ba. Mai turka sa ɗaya ko biyu a gida, da harawa da dusa a ajiye, shi ne zai ga amfanin ruwa-biyu. Mai dogaro da kiwon daji kaɗai, a ganina gara ya riƙe irin da ya saba da shi.

Akwai kuma cuta. A tashar Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru, an haɗa Gudali da Brahman na Amurka tun shekarun 1950. 'Ya'yan sun yi girma, amma kirci ya fi kama su fiye da Gudalin asali. Haka Kuri na Tafkin Chadi, duk girmansu, ba sa jin daɗi in aka nisanta su da ruwa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: kada a bar ƙaton bajimi ya hau ƙaramar karsana. Maraƙin yakan yi wa ƙugunta girma, haihuwa ta gagara, a rasa ɗa da uwa. Ga wanda ya tsira da saniya ɗaya tak, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Duk mai karsana da ta kusa barbara ya kawo ta mu duba girmanta tukuna.