Yashi, Laka da Haƙuri: Me Ke Sa Matatar Ruwa Ta Yi Aiki?



A 1892 kwalara ta kashe mutum fiye da 8,000 a birnin Hambog na Jamus. Maƙwabciyarta Altona kogin Elbe ɗaya suke sha, ita ce ma a gangare, inda ƙazantar Hambog ke sauka, amma annobar ta yi mata sauƙi ƙwarai. A lokacin, Altona tana tace ruwanta da yashi, Hambog kuwa yadda aka jawo shi haka ake sha.

Amma ba kowane tulin yashi ba ne matata. Abu huɗu ke tabbatar da ita.

Na farko, ƙwayar yashin. A matata mai tacewa sannu a hankali, ana son ƙwaya tsakanin milimita 0.15 zuwa 0.35, a wanke ta tas, kuma girmanta ya zama kusan ɗaya. In aka cakuɗa manya da ƙanana, ƙananan sukan cike ƙofofin, matata ta toshe da wuri.

Na biyu, kuma nan zan ɗan daɗe: matata tana da rai. Bayan 'yan makonni, wani ɓawo mai yauƙi yakan fito a saman yashin, cike da gansakuka da ƙananan halittu masu cinye ƙwayoyin cuta. Wanda bai sani ba sai ya ce datti ne, alhali shi ke yin mafi yawan aikin. In wuta ta ɗauke, injin ya tsaya, yashi ya bushe, ɓawon nan ya mutu. In aka zuba kulorin kafin ruwa ya shiga, nan ma an kashe shi. Ranar da za a kankare matatar, santimita ɗaya ko biyu ake ɗebewa daga sama, sannan a jira ya farfaɗo kafin a saki ruwa ga jama'a.

Na uku, gudun ruwa. Masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch ya ba da shawarar kada ya wuce santimita 10 a awa. Wanda ya buɗe famfo don ya cika tanki kafin azahar, ya tura cuta gidajen mutane. Gaggawa aikin shaiɗan ce.

Na huɗu, ruwan da ke shigowa. Duk wanda ya ga kogin Challawa a watan Agusta ya san launinsa: jawur da laka. Irin wannan ruwa sai an kwantar da shi tukuna, ko a bi da shi ta tsakuwa. Matata mai sauri kuwa ba ta aiki sai da alif, da wanke yashi ta hanyar turo ruwa daga ƙasa kusan kullum.

Saboda haka roƙona ga hukumomin ruwa shi ne: kafin a sayo sabon inji, a horar da ma'aikacin da ke tsaye bakin matata, a ba shi na'urar auna laka, a biya shi a kan kari.

 Allah ya ba mu lafiya.