Nono Da Rage Ƙiba: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya

Shugabanni, dattawa, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa mazauna Zuma, Madalla da cikin garin Suleja, muna yi muku barka da zuwa.

Maganar da za mu yi yau ta shafi jikinmu ne. Tun da aka maido babban birnin ƙasa Abuja a 1991, ciniki ya buɗe mana a nan, alhamdu lillahi. To amma iyayenmu da suka yi fatauci da ƙafa suka yi shi, mu kuwa a zaune muke yinsa, daga shago sai mota, in wuri ya yi kusa mu hau acaɓa. Shi ya sa teɓa ta yi mana yawa, kuma har yanzu wasu na ganin tumbi alamar arziki ne, alhali kuwa ƙiba ce ke buɗe wa hawan jini da ciwon sukari ƙofa.

Yanzu ga wata magana tana yawo a kasuwa, wai mai son ya rame ya dage da shan nono da yogot, kitse zai narke. To jama'a, ga asalinta. A 2004 wani malami mai suna Michael Zemel na Jami'ar Tenesi a Amurka ya fitar da bincike cewa masu ƙiba da suka rage abinci suna shan madara sun fi waɗanda ba su sha ba ramewa. Kamfanonin madara suka mai da abin talla, har sai da aka kai ƙara ga hukumar kula da ciniki ta ƙasar, aka dakatar da tallar a 2007. A 2012 masana na Jami'ar Habad suka tattara gwaje-gwaje 29 suka duba, suka ga cewa in mutum bai rage abincinsa ba, ƙara masa madara ba ya rage masa nauyi. In kuwa ya rage abinci, madarar tana ɗan taimakawa, shi ma na ɗan lokaci.

Mu 'yan kasuwa ai wannan lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu. In kayan da ake saukewa a shago sun fi waɗanda ake sayarwa, dole su yi kwantai. Kitsen jiki kwantai ne. Nono ba ya kwashe shi, amfaninsa shi ne yana riƙe ciki, yana gina tsoka da ƙashi, sai mutum ya iya haƙura da wani abincin. Wato nono ya zama a madadin wani abu, kada a ci tuwo a ƙoshi sannan a ɗora ƙwaryar fura a kai.

Kuma nono suna ya tara. Kindirmo da maiƙonsa yake. Wanda aka kaɗa aka tsame man shanu ya fi sauƙi ga mai son rage jiki. Kofi guda na madara mai maiƙo yana da kalori kusan 150, shi kuwa man shanu cokalin cin abinci ɗaya kawai ya kai 100. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi kusan rabinta sukari ne. Madarar gari mai araha kuma da yawa an cire mata mai nata an zuba man itatuwa, sai a riƙa duba rubutun jikin leda.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Kowa ya lissafa nawa ake zuba masa a fura da rana, nawa mai shayi ke zuba masa safe da dare, ga yogot na roba mai zaƙi, ga lemon kwalba. Kun ga kafin magariba an wuce iyaka.

Shawararmu ita ce, a sha nono daidai ludayi biyu ko uku, a rage curin fura, a janye sukari sannu a hankali har baki ya saba. A sayi nono wurin mai tsabta wadda ke tafasa madararta, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Uwargida a rage man shanu a miya. A taka da ƙafa minti 30 a yini, ko zuwa masallaci ne ko kasuwa. Wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da suka motsa jiki suka nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 100, kilo 7 ke nan. Wanda kuma yake kan maganin sukari ko na hawan jini, ya ga likita kafin ya sauya cimarsa.

Dama tun a Islamiyya an karantar da mu ladabin raba ciki uku, abinci, ruwa da numfashi. Mu gwada shi daga abincin daren yau, sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.