Ki San Zaren Tufarki Kafin Ki Biya Kuɗi

Yau zancen tufafi za mu yi. Yawancinmu ba mu shiga kasuwa, dillaliya ce ke shigo mana da kaya har ɗaki, ta ce wannan auduga ce zalla. To, ta yaya uwargida za ta gane gaskiya?

Ki zaro ɗan zare daga bakin yadin, ki ajiye kwanon ruwa kusa, ki ƙyasta ashana. Auduga takan kama da sauri, ƙaurinta kamar na takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki kuwa ƙaurin gashi suke yi, su bar baƙin dunƙule wanda yatsa ke murƙushewa. Idan kika ga zaren ya narke, ya dunƙule da tauri kamar dutsen ado, to roba ce, kada ki biya kuɗin auduga. Kuma don Allah kada ki tsaya bakin murhu ko risho da mayafin roba. Ita ma auduga tana cin wuta sosai, amma roba narkewa take yi ta manne wa fata.

Dalilin bambancin nan shi ne asali. Auduga tsiro ce, danginta ɗaya da takarda. Ulu gashin tumaki ne, siliki kuma tsutsa ke saƙa shi, kamar zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Shi ya sa wankinsu ba ɗaya ba ne.

Auduga ba ta tsoron sabulu mai kaifi ko ruwan toka, kuma in ta jiƙe ƙarfi take ƙarawa, saboda haka ki cuɗa zanen gadonki yadda kike so. Abokin gabarta ruwan batir ne. Ɗigo ɗaya, bayan wanki sai ki ga huda. Sai kuma danshi: in kika naɗe atamfa ba ta gama bushewa ba, musamman da damina, fumfuna ce za ta yi mata ɗige-ɗigen da ba sa fita da sauƙi.

Ulu da siliki akasin haka ne. Kin ga yadda man miƙar da gashi ke cinye gashi in ya daɗe a ka? Haka kanwa da bilic ke yi musu. Rigar sanyin yaro ta ulu, ruwan sanyi take so da sabulu mai laushi. Ruwan zafi da cuɗa su ke sa ta tsuke ta cure, kuma ba ta komawa. A shimfiɗe za ki shanya ta, a inuwa, kuma sai ta fita fes za ki adana, don asu ya fi bin mai datti.

Wajen guga, duba 'yar takardar da ke wuyan riga. Ɗigo uku cikin hoton dutsen guga na nufin zafi har digiri 200, na auduga ke nan, biyu 150, ɗaya 110. Mai dutsen gawayi, ki ɗora ƙyalle mai danshi a kan silikin tukuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.