Daga Takarda Ake Farawa: Lacca a kan Kayan Ɗaukar Hoto ga Mai Sha'awa

 

Tun ranar da takardar gayyata ta iso gare ni, aka ce in yi bayani a kan kayan da ya kamata mai ɗaukar hoto don marmari ya mallaka, wato wanda ba da wannan aiki yake ci da iyalinsa ba, na san tambayar da mafi yawanku kuka taho da ita, domin ita ce ake tare ni da ita a bakin masallaci da wajen ɗaurin aure: wace kyamara zan saya? Ina neman afuwarku, zan jinkirta jawabinta zuwa tsakiyar magana, saboda tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya san mai rigar, haka kuma bai kamata mutum ya kwance bakin aljihunsa ba sai ya san inda hoton nan zai ƙare, a fuskar waya ne, ko a cikin albam, ko a jikin bangon zaure.

Asalin wannan fanni ba baƙo ba ne ga ɗalibin ilimi, gama Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya bayyana a cikin Kitabul Manazir yadda haske yake tafiya a miƙe, ya ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya sauka a bangon da yake fuskantarta bisa tsarin da ya fito da shi, sai dai a juye. Abin da ya rage shi ne yadda za a tsare wannan sura kada ta gushe, kuma sai a wajen 1826 wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya samu nasarar haka. Wannan ma'ana ta tsare inuwa ita ce hujjar da Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar, ya kafa lokacin da ya halatta hoton kyamara, ko da yake akwai malaman da suka saɓa masa, kuma kowa ya san malamin da yake bi. Amma mai sha'awa bai samu shiga cikin sauƙi ba sai a 1888, sa'ad da George Eastman na Amurka ya fito da Kodak, akwati da fim na hoto ɗari a cikinsa, in ya ƙare a mayar wa kamfani ya wanke ya aiko. A 1900 kamfanin ya fito da kyamarar Brownie a kan dala ɗaya. Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wancan zamani babu hoton da ake gani sai an wanke shi, saboda haka takarda ita ce makomar kusan kowane hoto, ko mai shi ya so ko ya ƙi.

Wani injiniyan Kodak ɗin nan, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko, marar fim, a 1975, wadda take ɗaukar ɗigo dubu goma kacal, tana kuma cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Daga wannan ƙaramin mafari aka kai ga halin da muke ciki, inda yaro yake da hoto dubu a wayarsa alhali babu ko ɗaya da zai iya miƙa wa kakarsa ta riƙe a hannu. Ni kaina na ɗanɗana ɗacin wannan, domin wayar da na tara hotunan gwaggona na shekarunta na ƙarshe ta salwanta a wata tafiya, kuma yau abin da ya rage mana na kamanninta, Allah Ya jiƙanta, kati ɗaya ne baƙi da fari da aka ɗauka tun kafin a haife ni.

To, mu yi lissafi daga takarda. Ma'aunin da masu wanki suka saba da shi shi ne ɗigo 300 a kowane inci, domin daga nan ido ba ya rarrabe ɗigo da ɗan'uwansa in an riƙe hoton a hannu. Katin da muka sani mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1200 sau 1800, wato miliyan biyu da 'yan kai. Takardar A4 cikakkiya tana bukatar ƙasa da miliyan tara. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara ruɗuwa da mai kanti yana yi masa kirarin megafiksel hamsin ko ɗari ba, zai kuma gane cewa tsohuwar kyamara ta hannu, irin Nikon D90 da ta fito a 2008 da miliyan goma sha biyu, ta ishe shi duk abin da zai rataya a ɗakinsa. Ga jawabin tambayarku ke nan: ku sayi ta hannu mai lafiya wadda ake sauya wa gilashi, ku gwada ta kafin ku biya, ragowar kuɗin kuwa ku adana su domin abin da ya fi ta muhimmanci.

Abin da ya fi ta muhimmanci shi ne gilashin da haske yake bi, kuma a nan shawarata ɗaya ce, gilashi mai milimita 50 wanda ƙofarsa take buɗewa har 1.8, wanda kusan kowane kamfani yake sayarwa da araha, yana kuma shigar da haske mai yawa har a iya ɗaukar amarya a cikin ɗaki ba tare da an watsa mata filas a fuska ba. Ba ya jawo nesa kusa, sai dai mai shi ya taka da ƙafarsa, kuma a cikin wannan takawa ake koyon inda ya dace a tsaya. Wanda burinsa hawan Sallah ne, yana son ya tsayar da doki a tsakiyar jahi, shi ne yake da uzurin sayen dogon gilashi, da sharaɗin ya sa ƙiftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sai kuma a kiyaye maƙiya biyu, ƙurar hunturu wadda take shiga duk lokacin da aka cire gilashi a fili, da laimar damina wadda take haifar da fumfuna a cikinsa in an kulle shi a jaka wata da watanni.

Yanzu na zo ga mas'alar da ta fi damuna, ita ce ta fatarmu da tufafinmu. Ma'aunin hasken da yake cikin kyamara an gina shi ne a kan ya mayar da duk abin da ya gani zuwa tsaka-tsaki, ba fari ba ba baƙi ba, saboda haka idan dattijo ya tsaya a rana tsaka da farar babbar riga da rawani, sai na'urar ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, rigar ta fito da kyau, fuskar kuwa ta nutse cikin duhu har ba a shaida mai ita. Wannan illa tana da tarihi, domin tun daga shekarun 1950 katin da Kodak yake raba wa masu wanki su daidaita launi da shi hoton Baturiya ne, kuma binciken malama Lorna Roth ta Kanada ya nuna cewa koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda launin hajarsu ba ya fita, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin. Maganin ba ya bukatar ko kwabo: a kai mutum inuwar bishiya ko bakin ƙofar zaure, a ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, a auna haske a kan fuska. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya fara da Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, ya kuma buɗe wurin aikinsa a 1948, mafi yawan hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, da zane mai ado a bayan mutum, kuma duk wanda ya dube su zai ga fuska da zaren riga kowanne ya samu haƙƙinsa. Haka J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, da Brownie ya fara a 1950, ya ƙare da taskar hotunan kitso kusan dubu.

Game da manhajar gyara, zan taƙaita. Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar a 1990, tun 2013 ta koma ta haya, ana biya wata-wata, haka ma Lightroom a yanzu, kuma ban ga dalilin da mai marmari zai ɗora wa kansa bashin kuɗin waje ba, balle ya karɓi kwafin sata, alhali ga GIMP da darktable da RawTherapee halal ne kyauta a kwamfuta, ga Snapseed a waya. Abin da ya fi sunan manhaja fa'ida shi ne a sa kyamara ta ajiye hoto ɗanye, wanda ake kira RAW, domin JPEG matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, ɗanyen kuwa yana riƙe 4096 ko 16384, kuma a cikin wannan rata ake ceto fuskar da ta yi duhu.

Sai dai gyara yana da haddi. Halal ne ka mayar wa hoto abin da idonka ya gani na'ura ta kasa kamawa, ka daidaita haske, ka miƙe abin da ya karkace, ka yanke gefen da ba shi da amfani. Amma abin da ya zama ruwan dare a hotunan biki, a ɗauki yarinya baƙa kyakkyawa a wanke ta ta koma fara sol, a shafe zanen fuskar tsoho wanda da shi ake gane asalinsa, wannan shaidar zur ce a kan halittar Allah, kuma jikokin da za su gaji hoton su aka zalunta, domin an ba su wata fuska a maimakon ta kakarsu. Hoto amana ne tun daga neman izinin wanda za a ɗauka har zuwa inda za a nuna shi.

Wajen wanki kuwa, kada ku aika wa mai shago hoto ta WhatsApp yadda aka saba, gama yana matse shi ya zubar da mafi yawan ɗigonsa. Ku tura shi a matsayin fayil, ko ku kai a memori, a tsarin launi na sRGB wanda injinan wanki suka fi ganewa. Ku rage hasken allon kwamfuta kafin gyara, domin allo fitila ne, takarda kuwa aron haske take yi, shi ya sa hoto yakan fito da duhu fiye da yadda aka zata. Ku fara wanke ƙaramin kati ɗaya na gwaji kafin babba. Wanda zai sayi firinta a gida ya sani tawada iri biyu ce, akwai ta rini mai ƙyalli wadda take saurin koɗewa in haske ya dame ta, akwai ta garin launi mai tsada wadda ta fi jure zamani, kuma injin da aka bari bai yi aiki ba tawadarsa takan bushe ta toshe shi, musamman a bazara, don haka wanda ba ya wanki kowane mako gara ya riƙa kai wa shago.

In an karɓo hotunan, a ajiye su nesa da rana da laima, a kuma bar kwafin fayilolin a wuri biyu dabam. Sa'an nan a juya bayan kowane kati a rubuta sunan wanda yake ciki da sunan mahaifinsa, da garin da aka ɗauka da shekarar, da fensir mai laushi, domin tawadar biro takan ratsa takarda ta ɓata fuskar. Katin gwaggona babu abin da aka rubuta a bayansa, kuma mace ta biyu da take tsaye kusa da ita har yau ba mu samu wanda ya shaida ta ba.