Ruwan Bazara Ba Damina Ba Ne

 

An ce in yi magana a kan ruwan farko da ƙaruwar zafi, ni kuwa daga teku zan faro, duk da cewa tsakaninmu nan Katsina da gaɓar Legas ya fi kilomita 800. Ruwan da ke sauka a gonakin Ɓatagarawa da Kaita, daga Tekun Atlantika iska ke ɗauko shi. Iska biyu ke kokawa a sararin Afirka ta Yamma: busasshiyar da ke fitowa daga Sahara, mai kawo mana hunturu, da mai laima da ke tasowa daga kudu maso yamma. Layin da suke haɗuwa yana matsowa arewa sannu a hankali. Shi ya sa Legas ke samun ruwa tun Maris, Funtua a wajejen Mayu, birnin Katsina kuwa yawanci sai Yuni damina ke zama. Amma layin nan ba ya tafiya a miƙe. A Afrilu ko Mayu yakan leƙo mana kwana biyu, hadari ya haɗu, a yi ruwa mai ƙamshin ƙasa, sannan ya koma kudu ya bar mu da rana tsawon mako uku. Wannan shi ne ruwan bazara.

Manomi bai yi wauta ba idan ya ɗauki sungumi a ranar. Ya san gero na fari shi ke fid da gida daga yunwar tsakiyar damina, ya san ƙasa ta fi ƙarfi a ruwan farko, ya kuma ga shamuwa ta iso. Wani ma tun kafin ruwa ya yi binne. Caca ce da kakanninmu suka daɗe suna yi, kuma sau da yawa suna ci.

Masana sun yi ƙoƙarin raba ruwan shuka da ruwan bazara. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, da ke cibiyar binciken noma ta ICRISAT kusa da Yamai, ya kawo ma'aunin da har yau ake aiki da shi a Sahel: damina ta fara ne idan, bayan 1 ga Mayu, an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fari na fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ku lura da rabin ƙarshe na wannan sharaɗi. Ba a sanin damina ta fara sai wata guda bayan ta fara. Manomi kuwa yau zai yanke shawara, ba shi da wata guda na jira.

To, me ya canza? Zafi. Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kimanin digiri 1.55 sama da zamanin da masana'antu ba su yawaita ba. A watan Afrilun shekarar, muna cikin azumin Ramadan, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Duk wanda ya yi wannan azumi a Katsina ba sai an karanta masa rahoto ba. Abin da wannan ke nufi ga gona a fili yake. Ƙasar jigawa irin tamu ba ta riƙe ruwa, kuma idan rana ta take, fuskar rairayi kan wuce digiri 50. Tsiron gero mai ganye biyu ba ya jure wannan na kwanaki. Tazarar da a da tsiro kan iya haƙuri da ita har ruwa na biyu ya zo, yanzu ita ce ke ƙone shi. Sai a sake shuka, wani lokaci sau uku, da irin da aka ciyo bashi.

Akwai wani abu da ke rikitar da mutane. Sai ka ji an ce, ai ruwa ya dawo, ina fari irin na 1973 ko na 1984? Gaskiya ne ruwan Sahel ya farfaɗo daga ƙarancin waɗancan shekaru. Sai dai ya dawo da wani hali. Binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadurra masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ɗumamar Sahara na da hannu a ciki. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, idan ta tashi zubarwa kuma sai ta zubar a dare ɗaya. Mutanen Jibiya sun ga haka a Yulin 2018, lokacin da ambaliya ta halaka fiye da mutum 40, Allah ya jiƙansu. Jimillar ruwan shekara na iya cika a takarda, gona kuma ta ƙone a Yuni, ta nutse a Agusta.

Bari in ɗan ratse, saboda ɗalibanmu. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita yana bincike kafin ya fitar da littafinsa Silent Violence a 1983, ya bi tarihin yunwa a ƙasar Hausa, har da yunwar Kakalaba ta 1914. Abin da ya gano shi ne fari kaɗai ba ya kashe mutane. Haraji da bashi da rumbun da ya riga ya zama wayam su ke mayar da fari yunwa. Ina ganin haka lamarin ruwan bazara yake. Mai hali idan shukarsa ta ƙone zai buɗe wani buhun iri. Talaka kuwa irin da ya binne shi ne abincin 'ya'yansa. Yau ga ƙarin matsalar tsaro, wadda ta hana wasu manoman yammacin jihar nan zuwa gona a ranar da suka ga dama, balle su koma su sake shuka.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da ranakun da ake sa ran faruwarta a ƙananan hukumomi. Aiki ne mai kyau, amma hasashen da bai shiga kunnen mai fartanya da Hausa ba, a rediyo, a masallacin Juma'a, a kasuwar Mashi ko ta Charanchi, bai gama tafiyarsa ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi kuma sun nuna mana wata hanya. Tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututturen gawo da sauran itatuwa a gona, suna sassabe suna barin reshe mai ƙarfi ya girma, har aka farfaɗo da hekta miliyoyi a Maraɗi da Damagaram. Inuwar itace tana sauke zafin ƙasa, ganyensa na riƙe laima, tsiro kuma ya sami kwanakin da zai jira ruwa na biyu.

Roƙona ga malaman jami'o'inmu da kwalejojinmu shi ne a kafa ma'aunin ruwa a kowace makarantar sakandare ta jihar nan, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya sauka kullum, domin mu san ruwan garinmu da lissafinmu. Ga masu mulki da masu hali kuwa, a tanadi iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT, a ajiye shi a gundumomi kafin Mayu, don wanda shukarsa ta ƙone ya sami abin mayarwa ba tare da ya jinginar da gonarsa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.