Koya wa kwamfuta karanta farashin kasuwar Dakoro

 

A ce wani wakili yana zaune a kasuwar Dakoro, wani a Kornaka, wani a Sabon Machi, kowa yana aiko da farashin hatsi ta salula. Ɗaya ya rubuta “hatsi tiya dala ɗari da ashirin”. Ɗaya ya rubuta “gero 600F”. Duk ɗan kasuwar nan ya san magana ɗaya suka yi, tun da dala sefa 5 ce. Kwamfuta ba ta sani ba. Kuma labarin farashi ba abin wasa ba ne: binciken da Jenny Aker ta buga a 2010 ya nuna cewa shigowar salula Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. To, in saƙonnin suka kai dubbai, wa zai zauna ya karanta su? Dole a rubuta shirin da zai feɗe kowane saƙo, ya fitar da sunan kaya, da ma'auni, da kuɗi. Wannan shiri shi zan riƙa kira mafeɗi.

Akwai hanyar gina shi da ta fito daga harsunan kwamfuta irin su Haskell da OCaml, inda ake gina komai da ƙananan ayyuka, kowane a ba shi abu ya mayar da wani, bai taɓa komai a gefe ba. Sai ka rubuta ƙaramin mafeɗi da bai san komai ba sai kalmar “dala”. Wani bai san komai ba sai lambobi daga ɗaya zuwa tara. Sannan ga mahaɗai: ɗaya yana cewa “wannan, sai wancan ya biyo”, ɗaya “ko wannan ko wancan”, ɗaya “maimaita har ya ƙare”. Abin da ka haɗa shi ma mafeɗi ne, ana iya ƙara haɗa shi da wani. Kamar ɗinkin riga ne: hannu daban, wuya daban, aljihu daban, amma zare ɗaya. William Burge ya kawo dabarar a littafinsa na 1975, Philip Wadler ya ƙarfafa ta a 1985, Graham Hutton ya shimfiɗa ta a 1992. Amma wanda ya fitar da ita daga aji zuwa wurin aiki shi ne Daan Leijen na Jami'ar Utrecht a Holan, da laburarensa Parsec, wanda shi da Erik Meijer suka yi bayaninsa a 2001. Pandoc, manhajar John MacFarlane mai juya takarda daga wannan tsari zuwa wancan, da Parsec aka rubuta masu karanta mata rubutu da dama.

Yanzu mu matso kusa da “dala ɗari da ashirin”. Akwai “da”, akwai “dala”, duka da haruffa biyu iri ɗaya suka fara. In ka ce wa Parsec ya fara gwada “da”, zai ci kan “dala” ya bar maka “la” a hannu. In ka ce ya fara da “dala”, ya iso kan “da ashirin”, zai haɗiye d, ya haɗiye a, ya nemi l bai gani ba, ya tsaya ya ce kuskure. Ba zai koma baya ya gwada ta biyun ba, domin ƙa'idarsa ita ce abin da aka riga aka ci ba a dawo da shi, sai in ka rubuta masa try da hannunka. Da gangan Leijen ya yi haka, don shirin ya yi sauri, kada ya cika ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ya iya nuna maka daidai layi da harafin da abu ya lalace. Attoparsec na Bryan O'Sullivan shi kuwa kullum yana komawa baya da kansa. Megaparsec, wanda Mark Karpov ya tsago daga Parsec a 2015, ya tsaya tsakiya: a kan kalma guda yana komawa da kansa, a kan abin da ka haɗa sai ka ce masa. Layi ɗaya, laburare uku, hali uku.

Sauran wahalhalun namu ne na gida. Jika sefa 1000 ce, saboda haka “jika guda da dala ashirin” 1100 ke nan. Dattijo zai ce “ashirin ba ɗaya” yana nufin 19, mafeɗin dole ya iya ɗebewa. Wanda ya yi lakwal a nan Nijar yana rubuta 1 500 da fili a tsakiya, abokin cinikinsa na Jibiya yana rubuta 1,500, alhali waƙafin nan a lissafin Faransanci alamar gutsure ce. Mu muna rubuta ƴ, Najeriya suna sa ɗigon sama kafin y. Kuma harafi mai lanƙwasa guda ɗaya, ɗ ko ƙ, yana sauke saƙon salula daga haruffa 160 zuwa 70, shi ya sa mutane suke rubuta “dari”. Babu wani a Utrecht da zai rubuta mana waɗannan. Amma kowace ƙa'ida layi biyu ce ko uku, kuma a nan ne nake ganin wannan hanya ta fi dogon layin alamomi da ake kira regex, wanda mai shi ma bayan wata shida ba ya iya karanta shi.

Sai maganar sabon bugu, wadda ita ce ke kayar da mutane. Laburaren nan ba sa zama wuri ɗaya. Parsec 3 ya fito a 2008 da ƙarin iko, amma ya fi na 2 nauyin tafiya, mutane da yawa suka ƙi tashi sai da bugu na 3.1 ya gyara gudun. Abin da na yaba wa masu Parsec shi ne sun bar tsoffin sunaye suna aiki gefe da sababbi. Megaparsec ya fi zafin nama: bugu na 7 a 2018 ya sauya yadda ake ba da rahoton kuskure gaba ɗaya, duk wanda shirinsa ke buga wa mai amfani bayanin kuskure sai da ya sake rubuta wurin. A harshen Rust, nom na Geoffroy Couprie ya sauya salon rubutunsa a bugu na 5 a 2019, a na 7 kuma ya kwashe tsohon salon dungurungum. Masu laburaren ba mugunta suke yi ba, lambar bugun ma gargaɗi ce. Sai dai ku kula: a Rust lambar farko da ba sifili ba ce ke nuna za a iya karya maka shiri, a Haskell kuwa lambobi biyu na farko ne, don haka daga 9.2 zuwa 9.3 ba ƙaramin tsalle ba ne.

Ra'ayina ga ku da za ku yi wa ƙungiyar makiyaya ko ta manoma aiki a nan, inda rezo ke zuwa yana tafiya, shi ne kada ku bi sabon bugu don kawai ya fito. Ku ɗaure shirinku a kan bugun da kuka gwada, da cabal freeze ko Stackage a Haskell, da Cargo.lock a Rust. Ku sauke laburaren ku ajiye kwafinsu a filash, kada ranar da shirin ya tsaya ta zama ranar da intanet ta ɗauke. Mafi muhimmanci, ku tara saƙonnin gaskiya da wakilai suka aiko, da kurakuransu, ku cire sunaye da lambobin waya, ku rubuta amsar da ta dace kusa da kowane. Ranar da tilas ta sa ku sabunta, ko don an toshe wata ɓaraka ta tsaro ko don sabon GHC, manhajar da ke fassara Haskell, ya ƙi tsohon bugu, sai ku bi da saƙonnin nan duka ta cikin sabon. Kuskuren da ke hana shiri tashi mai sauƙi ne, za ku gan shi nan take. Wanda ake tsoro shi ne shiri ya tashi lafiya, ya karanta “dala ɗari da ashirin” ya rubuta 500, a buga wannan farashi a rediyo.